Shin ƙafewar ruwa a daskararriyar ƙasa tana sauya sinadaran ruwan sama?

Ɗaliba_Asma'u:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Akwai wata magana da na kasa warwarewa game da yankunan da ƙasarsu ke zama a daskare shekara da shekaru, kamar Sibiriya da Alaska da arewacin Kanada da tuddan Tibet. An ce yadda ruwa ke ƙafewa daga ƙasa a waɗannan wurare yana shafar sinadaran da ke cikin ruwan saman da ke sauka a can. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a iya sanina idan ruwa ya zama tururi yakan tashi shi kaɗai, ya bar gishiri da sauran ma'adinai a baya, kamar yadda farin gishiri ke saura a gindin tukunya idan ruwan ciki ya ƙone. To ta wace hanya ƙafewar ƙasa za ta taɓa abin da ke cikin ruwan sama? Sannan ƙasar da take daskare, ina ta sami ruwan da zai ƙafe tun farko?

Malam_Habu:
Wa alaikumus salam Malama Asma'u. Bari in fara da tambayarki ta biyu, domin sai an fahimce ta sannan ta farkon za ta zauna. Ana kiran ƙasa daskararriya ce idan zafinta bai haura sifiri a ma'aunin Salshiyas ba har tsawon shekara biyu a jere ko fiye, kuma irin wannan ƙasa tana ƙarƙashin kusan kashi 15 cikin 100 na doron ƙasar arewacin duniya. A arewacin Yakutiya da ke Sibiriya kaurinta ya kusa mita 1,500. Amma daskarewar ba ta kai har sama a duk shekara. Akwai wani ɓawo a samanta da ke narkewa a lokacin zafi ya sake daskarewa da hunturu, wani wuri kaurinsa bai fi santimita 30 ko 40 ba, wani wuri ya kai mita biyu ko uku. Duk rayuwar tsirrai da duk zirga-zirgar ruwa a cikin wannan ɓawon suke.

Abin da ya bambanta wurin da sauran ƙasashe shi ne ruwan ba shi da hanyar nutsewa. Idan dusar ƙanƙara ta narke ko aka yi ruwan sama, ruwan yakan gangara ya tarar da daskararriyar ƙasa, ya tsaya a kanta, kusa da rana da iska. Saboda haka ƙasar da ruwan samanta kaɗan ne sai ka same ta cike da fadamu da ƙananan tafkuna, kuma kaso mai yawa na wannan ruwa sama yake komawa.

Dakta_Rabi:
Asma'u, abin da kika faɗa game da gishiri daidai ne, kuma kada ki sake shi. Kalsiyam da sodiyam da salfet ba sa bin tururi. Abin da tururi ke ɗauka daga ƙasa zuwa gajimare shi ne tambarin ruwan kansa. Ƙwayoyin ruwa ba duka nauyinsu ɗaya ba: kaɗan daga cikinsu suna ɗauke da oksijin-18 maimakon oksijin-16, wasu kuma da diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi; irin waɗannan nau'o'i masu bambancin nauyi su ake kira aisotof. Idan ruwa yana ƙafewa, marasa nauyin suna rigan masu nauyin tashi, saboda haka ruwan da ya saura a ƙasa yakan ƙara nauyi, tururin kuma ya tafi da sauƙinsa.

A 1961 Harmon Craig ya nuna cewa ruwan saman duniya yana bin layi guda: idan aka auna yadda kowannensu ya bambanta da na ruwan teku, lambar diyuteriyam ta yi daidai da ninki takwas na lambar oksijin-18, a ƙara goma. A 1964 Willi Dansgaard ya mai da wannan ƙarin ma'auni mai zaman kansa, wanda ake kira rarar diyuteriyam. Amfaninsa a nan shi ne, tururin da ya tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ko daga tafki cikin busasshiyar iska yana da rara mai yawa, ruwan da ya bari a baya kuma rararsa takan faɗi. Idan wannan tururin ya shiga gajimare ya dawo a matsayin ruwan sama, sai a ga rarar ta haura goma. Da wannan ne masu bincike ke ƙiyasta nawa ne daga cikin ruwan saman wani wuri ya zo daga teku, nawa ne kuma ƙasar ta yi ta juya shi. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya suna tara irin waɗannan ma'aunai daga tashoshi a faɗin duniya tun farkon shekarun 1960.

Injiniya_Sale:
Dakta, na yarda da bayanin, amma ina ganin ya kamata a faɗa wa ɗalibar cewa wannan sauyi ba ya taɓa ɗanɗanon ruwa, ba ya taɓa tsaminsa, kuma ba ya cutar da ganye ko kifi. Alama ce ta gano asalin ruwa kawai. Idan ana maganar abin da ke sa ruwan sama ya yi tsami a yankin daskararriyar ƙasa, to a dubi Norilsk, birnin narkar da ƙarafa a arewacin Sibiriya, wanda ya yi shekaru yana sakin kusan tan miliyan 2 na iskar salfa a kowace shekara, har dazuzzukan da ke kewaye da shi suka mutu. Sannan akwai hazon da ke lulluɓe yankin Aktik, wato ƙurewar arewacin duniya, a ƙarshen hunturu, mai ɗauke da salfet daga masana'antun da ke nesa a kudu. Waɗannan su ne manyan abubuwa. Ƙafewar ƙasa ƙaramar magana ce idan aka ajiye ta kusa da su.

Nura_Lanzhou:
Injiniya, a Norilsk maganarka ta zauna, amma a tuddan Tibet abin da na gani da idona ya saɓa mata. Ina cikin ɗaliban da ke bin malamanmu aikin fili a kan hanyar da ta tashi daga Golmud zuwa Lhasa, inda layin dogon da aka buɗe a 2006 ya bi ta kan daskararriyar ƙasa na kusan kilomita 550. A bakin ƙananan tafkuna da kwaruruwa, idan rana ta yi kwanaki tana dukan ƙasa, sai ka ga wani farin ɓawo ya fito a sama, mai karyewa a ƙarƙashin takalmi. Ruwan da ke hawa daga ƙasa ne ya jawo gishirin zuwa sama, ya ƙafe ya bar shi. Da la'asar iska takan taso da ƙarfi, ta kwashe wannan garin ta yi sama da shi, har ka ji shi a leɓɓanka.

Wannan ƙurar ita ke narkewa a cikin ɗigon ruwan sama. Ruwan sama mai tsabta yana da pH (ma'aunin tsami, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu) na kusan 5.6 saboda iskar kabon da ke narkewa a cikinsa, amma a tashar bincike ta Nam Co da sauran wurare a tuddan yakan haura 6, kuma kalsiyam da bayikabonet ne suka fi yawa a cikinsa. Gishirin bai bi tururi ba, gaskiya ne, amma ƙafewa ce ta fito da shi fili ta miƙa wa iska. Ban ga dalilin da za a cire wannan daga lissafi ba.

Dakta_Rabi:
Nura, wane irin mazubi kuke amfani da shi wajen tarar ruwan? Ina tambaya ne saboda mazubin da ke buɗe dare da rana yana tara ƙurar da ta faɗo a busasshen lokaci, sai ruwa ya zo ya wanke ta cikin kwalba, a auna a ce ruwan sama ne ya zo da ita. Wanda ke da murfi mai buɗewa sai an fara ruwa shi ne ke ba da ainihin abin da ya sauko daga gajimare. Bambancin kalsiyam tsakanin su biyun yakan yi yawa a wuri mai ƙura.

Nura_Lanzhou:
Dakta, duka biyun muna ajiye su kusa da juna, kuma haka ne, buɗaɗɗen ya fi kalsiyam nesa ba kusa ba. Amma ko mai murfin ma ba ya saukowa zuwa 5.6. Na aisotof kuma daban muke tararsa, da mazurari mai ƙaramar ƙwallon roba a maƙogwaronsa, wadda ke tasowa idan ruwa ya shigo ta kuma toshe hanya idan ya wuce, don kada abin da ke cikin kwalbar ya ƙafe ya ɓata rarar da muke nema.

Baba_Tanko:
Ni tsohon ma'aikacin gandun daji ne, kuma akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Na karanta cewa Yakutsk, babban birnin Yakutiya, ba ya samun abin da ya wuce kusan milimita 240 na ruwa a shekara, har da dusar ƙanƙara. A wasu sassan duniya wannan adadi ba ya riƙe ko ciyawa mai kauri, amma a can daji ne na manyan itatuwa iya ganin ido. Malam Habu ya ce ruwan ba ya nutsewa, na gane. Amma a shekarar fari fa, daga ina itatuwan ke sha?

Malama_Hauwa:
Baba, wannan tambaya an bi ta da gwaji a tashar Spasskaya Pad da ke arewa da Yakutsk, inda masu bincike na Rasha da Japan suka daɗe suna aiki tare. A 2002 Atsuko Sugimoto da abokan aikinta suka wallafa abin da suka samu bayan sun kwatanta oksijin-18 na ruwan da ke cikin jikin itatuwan lariks da na ruwan sama da na ƙanƙarar ƙasa. A shekara mai ruwa itatuwan ruwan sama suka sha. A shekarar fari kuwa suka koma kan ruwan da ke narkewa daga ƙanƙarar da ke cikin ƙasa. Wato rarar ruwan shekara mai albarka takan daskare a gindin ɓawon nan, ta jira har lokacin da za a buƙace ta.

Akwai abu guda a nan da ya shafi bayanin Dakta Rabi. Tururin da ganye ke fitarwa ba ya tace aisotof kamar yadda ƙafewar ƙasa ke yi, domin itace yana mayar wa iska kusan duk abin da saiwarsa ta zuƙa, da nauyinsa da komai. Saboda haka idan daji ne ke mayar da ruwa sama, rarar diyuteriyam ba za ta nuna shi ba, kuma wanda ya dogara da ita kaɗai zai rage kimar ruwan da ƙasa ke juyawa. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan da ke sauka a kan tudu daga tudun ya taso, kuma a gabashin Sibiriya, wanda ke nesa ƙwarai da Tekun Atalantika inda iskar yamma ke ɗebo danshi, kason ya fi haka a lokacin zafi. Dajin lariks kuma ba shi da duhu, rana tana kaiwa ƙasa, shi ya sa wasu ma'aunai suka nuna cewa abin da ke tashi daga ƙasan dajin, wato ƙasa da gansakuka da ƙananan tsirrai, yana iya kai kusan rabin duk tururin.

Malam_Habu:
In ƙara a kan na Malama Hauwa, a tsakiyar Yakutiya akwai kwaruruwan da ake kira alas, waɗanda suka samu bayan ƙanƙarar ƙasa ta narke wurin ya lotsa. Ƙasarsu tana da gishiri da kanwa, abin da mutum ba zai yi tsammani ba a wuri mai sanyi haka. Dalilin shi ne ƙafewa ta fi ruwan sama yawa, kuma daskararren gindin ya hana a wanke gishirin zuwa ƙasa. Abin da Nura ya gani a Tibet ke nan, a wani wuri daban.

Umar_Ɗan_Aji_Uku:
Malamai, ni abin da nake son sani shi ne ko ruwan saman shi ma yana taɓa daskarewar, ko kuwa zafin iska ne kaɗai ke narkar da ita.

Injiniya_Sale:
Umar, yana taɓa ta, kuma lissafin ba shi da wuya. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin zafi kilojul 334, amma mai da kilo ɗaya na ruwa tururi yana cin kusan kilojul 2,500. Ka ga duk kilon ruwan da ya ƙafe daga saman ƙasa ya tafi da zafin da zai iya narkar da fiye da kilo bakwai na ƙanƙara. Ƙafewa garkuwa ce ga daskararriyar ƙasa. Sannan idan gansakuka da ruɓaɓɓen ciyayin da ke ƙarƙashinta suka bushe, iska ce ke cika ramukansu, kuma iska ba ta wuce da zafi sosai, saboda haka zafin rana ba ya kaiwa ƙasa. Da kaka sukan jiƙe su daskare, ƙanƙara kuma ta ninka ruwa kusan sau huɗu wajen wuce da zafi, sai ɗumin ƙasa ya yi ta fita duk tsawon hunturu. Wannan ne ya sa ake samun daskararriyar ƙasa a ƙarƙashin gansakuka a wuraren da ƙasar da ke tsirara ta daɗe da narkewa.

Ruwan sama mai yawa a lokacin zafi yana rusa wannan tsari. Milimita 100 na ruwa mai zafin digiri 10 a kan murabba'in mita ɗaya yana ɗauke da abin da zai narkar da kusan kilo 12 na ƙanƙara, wanda ba shi da yawa. Babbar ɓarnar ita ce ya jiƙa garkuwar, zafi ya sami hanya. A Kytalyk da ke arewa maso gabashin Sibiriya an yi gwajin ƙara wa filayen tundira, wato filayen sanyi marasa manyan itatuwa, milimita 100 na ruwa, aka ga zurfin narkewa ya ƙaru har da kashi 35 cikin 100, kuma tasirin ya zarce zuwa shekarun da suka biyo baya. An wallafa wannan a 2022.

Nura_Lanzhou:
Wannan ana jin sa a hannu. Muna auna zurfin narkewa da doguwar sandar ƙarfe a ƙarshen lokacin zafi: ka danna ta cikin ƙasa tana shiga sannu a hankali, sai ta tsaya cak da wani ƙara mai kauri idan ta taɓa daskararren wuri. Inda ciyawa ta yi kauri takan tsaya da wuri, amma taku kaɗan daga nan, inda ruwa ya kwanta ko ƙasa ta tsage, sai ta shige kusan duka.

Malama_Hauwa:
Dajin Spasskaya Pad ma ya ɗanɗana wannan. Bayan jerin shekaru masu ruwa da yawa daga 2005 zuwa 2008, ƙasa ta cika ta tumbatsa, ɓawon da ke narkewa ya ƙara zurfi, saiwoyi suka rasa iska, itatuwa da dama suka bushe. Itacen da ya saba jure fari ruwa ne ya kashe shi.

Hajiya_Maryam_Ruwa:
Ina aiki a fannin ingancin ruwan sha, kuma ni damuwata ta fi karkata ga koguna. A 2024 an wallafa rahoto kan rafuka 75 a tsaunukan Brooks na Alaska waɗanda ruwansu ya koma launin ruwan lemo kamar tsatsa. Narkewa ta kai ga duwatsu masu ma'adinan salfa da ƙarfe waɗanda suka yi dubban shekaru a rufe, ruwa da iska suka shiga, asid ya samu, ya kwaso ƙarfe da tutiya da sauransu zuwa rafi. A can akwai al'ummomin da kifi da ruwan kogi su ne rayuwarsu. Idan ana neman inda narkewar ke sauya sinadaran ruwa sauyi mai cutarwa, to ga shi nan a ƙasa, tun kafin a ɗaga kai a dubi gajimare.

Ɗaliba_Asma'u:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Amma ina so in dawo da mu kan ruwan sama. Dakta Rabi ta ce tururi tambarin ruwa kawai yake ɗauka, Nura ya ce ƙafewa na fito da gishiri iska ta kwashe. Shin ban da waɗannan biyun akwai wani abu da ke tashi daga ƙasar kai tsaye ya shiga gajimare?

Dakta_Rabi:
Akwai, amma iskoki ne, kuma tafiyarsu daban da ta tururi ko da yake zafi ɗaya ne ke kora su. Idan ƙasa ta yi ɗumi ƙwayoyin halitta sukan farka su ruɓar da tsohon ciyayi, kuma daga nan ake samun amoniya da wasu iskokin naitirojin. Amoniya tana narkewa a ruwa nan take, tana kuma rage tsami. A yankin Aktik tarin kashin tsuntsayen teku ma babbar hanyar amoniya ce. Sannan idan saman ƙasa ya bushe gobara takan kama, kamar yadda aka gani a Yakutiya a 2020 da 2021, hayaƙin kuma yana ɗauke da potasiyam da amoniyam da asid na tsirrai waɗanda ruwan sama ke wankowa.

Ina kuma so in ja kunne kan rarar diyuteriyam, don kada a ɗauka karanta ta abu ne mai sauƙi. Ɗigon ruwan da ke faɗowa ta cikin busasshiyar iska yakan ƙafe kafin ya iso ƙasa, wannan kuma yana rage rarar, wato akasin abin da tururin ƙasa ke yi. A ƙaramin yayyafi abu biyun suna iya share juna. Haka kuma yanayin tekun da danshin ya fito yana da tasa rarar, kuma yanzu da ƙanƙarar Tekun Aktik ke ja da baya an sami sabon wurin da tururi ke tasowa. Lamba ɗaya ce, amma hannaye uku ne ke jan ta.

Malam_Habu:
Akwai wurin da hanyar ta juya baki ɗaya, wato busassun kwaruruwan McMurdo a Antatika. Abin da ke sauka a can ɗan dusar ƙanƙara ne ƙalilan, mafi yawansa kuma yakan koma iska ba tare da ya jiƙa ƙasa ba. Duk ɗan naitiret da salfet da kuloraid da ya zo da shi sai ya zauna, ya yi ta taruwa tsawon dubban shekaru har ƙasar ta cika da gishiri. A nan sinadaran sama ne suka gina na ƙasa.

Injiniya_Sale:
Har yanzu ina kan bakana cewa a yawancin yankin Aktik teku da hayaƙi ne ke yanke hukunci kan abin da ke cikin ruwan sama. Tibet da tsakiyar Yakutiya busassun wurare ne masu nisa da teku, ba za a auna tundirar bakin teku da su ba. Kuma idan narkewa ta ci gaba, daskararren gindin zai huje, ruwa ya nutse, saman ƙasa ya bushe, ƙafewar ma ta ragu.

Nura_Lanzhou:
Injiniya, wannan ya danganta da irin ƙasar. A tsakiyar tuddan Tibet tafkuna girma suke yi tun ƙarshen shekarun 1990, har Siling Co ya wuce Nam Co a faɗi, kuma faɗin ruwa yana nufin ƙarin tururi. A gefen gabas kuwa, wajen mafarin Rawayen Kogi, akwai makiyayun da suka bushe bayan ruwan ƙasa ya yi zurfi. Idan sama ya bushe tururi zai ragu kamar yadda ka ce, amma ƙura za ta ƙaru, ita ma kuma cikin ruwan sama take ƙarewa.

Malama_Hauwa:
Kada a manta da tsirrai a wannan lissafi. Ƙananan itatuwa suna ta mamaye tundira a Alaska da Sibiriya, suna yi wa gansakuka inuwa, saiwarsu kuma tana kaiwa inda rana ba ta kaiwa. Ana iya samun wurin da jimillar tururin ta ƙaru alhali kason da ya tashi daga ƙasa kai tsaye ya ragu, kuma a irin wannan hali rarar diyuteriyam za ta sauka duk da cewa ƙasa na ba gajimare ruwa fiye da da. Nura, idan kuna da dama a fita ta gaba, ku riƙa ɗibar ruwan saiwa da na ƙasa a zurfi daban-daban a ranar da kuka ɗebi na sama, domin da ruwan sama kaɗai ba za ku iya raba kason ganye da kason ƙasa ba.